Auta Bai Ji Ciwo Ba

Auta mai fenti mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ba tsoro ba ne, don wanda yake wuni a kan tsani da bokiti a hannu ba a kiransa matsoraci. Haka dai aka rene shi. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun yayansa, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, mutumin da ko ruwa ka ce masa ya yi sanyi sai ya tambaye ka da me ka auna. Yaya ya so ƙanensa ya zama injiniya. Ya zaunar da shi, ya yi bayani, ya yi faɗa, ya yi duka, lissafi ya ce ba da shi ba. Ranar da ya haƙura ya kai shi wurin wani mai fenti, abin da ya gaya wa mutumin a gaban yaron shi ne, "Ga shi nan, hannunsa lafiya lau, kan ne dai ban sani ba." Auta ya taya su dariya, don bai san abin da ake yi da irin wannan magana ba in ba dariya ba.

Sana'ar kuwa ta karɓe shi. Sai ya kankare tsohon fenti tas, ya cike ramukan bango, ya goge da samfefa, sannan ya buɗe gwangwani. Ba ya ɗiga wa mutane fenti a ƙasa, ba ya barin shatin yatsa a makunnin fitila. Da yamma ya wanke buroshinsa da kananzir ya rataye su a bayan ƙofa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Farcensa bai taɓa fita fes ba, kullum da sauran launin gidan wani a ƙarƙashi. In mai gida ya zaɓi launin da Auta ya san zai yi muni, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya shafa. In an dawo ana masifa a canza, ya ce, "To," ya sake. Mutane suna yabonsa da haƙuri, amma abin da suke nufi shi ne yana da daɗin aike.

A makarantar da Yaya yake koyarwa akwai wani dattijo mai koyar da tauhidi, kowa Malam yake ce masa. Teburinsa yana kallon na Yaya a ɗakin malamai, kuma tun gemunsu yana baƙi suke kan gardama guda. Kada a ɗauka Yaya ba ya salla, sahu ɗaya suke tsayawa. Shi dai cewa yake Allah ya shimfiɗa wa duniya ƙa'idoji, duk mai son sanin aikinsa ya ɗauki ma'auni, amma a zauna shekara da shekaru ana jayayya kan abin da ba ya gwaduwa, wannan hira ce, ba ilimi ba. Malam kuma ya ce ma'auni zai gaya maka nauyin gawa, ba zai gaya maka ina mai ita ya tafi ba, balle abin da ya kawo shi tun farko. Sauran malamai sun daina saurare tuntuni. Da an fara sai su kwashi kofunan shayinsu su koma baranda. Su biyun kuwa ba sa iya rabuwa. In ɗaya ya kwanta zazzaɓi, ɗayan wuni yake yana yi wa ɗalibai tsawa ba gaira ba dalili.

Ta wannan hanya aka kira Auta ya yi wa Malam fentin falo, ya tarar da 'yarsa, wadda kowa yake ce wa Tela, tana kokawar fitar da keken ɗinkinta tsakar gida. Ya kama mata. Falon nan ba shi da wani girma, amma sai da ya sha shafi uku. Aka yi aure, Allah ya ba su 'ya mace. Daga nan Auta ya zama yana da mutum biyu a duniya da ba ya iya haɗa ido da su, yayan da ya rene shi da surukin da ya ba shi 'ya.

Da makarantar ta gina sabon bene mai hawa uku, su biyun suka sa baki aka ba shi fentin waje. Wata safiya an fito hutun tara, yana can ƙololuwa a kan katakon da aka ɗaure a jikin bango, sai igiyar gefe ɗaya ta kwance. Ɗalibai cike da fili suka ga mutum yana tahowa. Ya fara sauka a kan rumfar kwanon da ake ajiye kekuna, kwanon ya lotsa ya tillo shi, ya faɗa kan tulin yashin da wani direban tifa ya juye a wurin da sassafe, alhali can bayan gini aka ce ya kai.

A yi musu adalci, su biyun sun yi gudu. Yaya ya bar takalmi ɗaya a baranda, Malam hularsa ta faɗi bai waiwaya ba, kuma duk wanda ya ga fuskokinsu a lokacin ya san suna son yaron nan. Auta yana kwance numfashi ya ƙi fita, sai ya ga fuskar surukinsa a kansa. Kunya ta rufe shi. Ta yaya mutum zai baje a ƙasa, riga ta yaye, a gaban uban matarsa? Ya yunƙura ya zauna, ya tofar da yashi, ya miƙe tsaye. Wani abu ya ce ƙas a bayansa, ya ji shi har cikin haƙora, amma fili ya riga ya kaure da kabbara da tafi.

"Lafiya lau, Baba," in ji shi. "Ba komai."

Aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan, wanda layin marasa lafiya yake jira har waje, ya ɗaga hoton ya duba, ya ce bai ga karaya ba, ya rubuta maganin ciwon jiki. Yaya ya karɓi hoton ya sa a jakarsa. A hanyar dawowa, Auta yana kujerar baya yana cije leɓe a duk ramin da mota ta faɗa, aka fara.

"To, sarkin ma'auni," in ji Malam, "yau kuma me za ka ce?"

"Kwano da yashi zan ce, Malam. Kwanon ya rage masa gudu, yashin ya shanye sauran. Ko buhun siminti ka sako a nan ba zai fashe ba."

"Wa ya kai yashin?"

"Malalacin direba."

"Wa ya sa masa lalacin yau, bai sa masa jiya ba?"

"To birkilan da ya faɗo bara daga hawa ɗaya ya mutu fa? Shi ba a ga damar aiko masa direba ba?"

"Shi kwanansa ne ya ƙare. Kai dai auno min abin da ya sa ka gudu da takalmi ɗaya."

Har suka iso ƙofar gida ba wanda ya waiwaya baya.

Malam yana da ajin manya da yake koyarwa da yamma, can ya fara kai Auta. In karatu ya yi nisa sai ya ce, "Tashi, ɗana, su gan ka. Juya. Ɗaga hannu." Auta ya tashi, ya juya, ya ɗaga. "Daga hawa na uku," in ji Malam, muryarsa tana rawa, kuma rawar ta gaskiya ce. "Ko ƙwarzane." Yaya kuma ya hana a taɓa yashin sai da ya zo da tef ya auna tsayin ginin, ya auna lotsawar kwanon, ya auna zurfin gurbin da jikin ƙanensa ya bari. Ya zana ɗan mutum-mutumi a allo da kibiya tana nuna ƙasa, ya tsayar da Auta a gefen allon aji bayan aji. Jarrabawar ƙarshen zango ma sai da mai fenti ya faɗo a cikinta, aka ce ɗalibai su nemo gudunsa.

Ba za a ɓoye ba, Auta ya ji daɗi da farko. Aiki ya yi ta zuwa, kowa yana son a ce mutumin da ya faɗo ne ya yi masa fentin shago. Abin da ya fi wannan, wata rana a gaban ɗalibai Yaya ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya ce, "Ƙanena ne." Tun yana yaro yake jiran wannan hannu, da ya zo kuwa bai damu da cewa saboda yashi ya zo ba.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya lura da shi. Mutanen nan biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, yanzu abu ɗaya suke buƙata daga wurinsa, wato ya kasance bai ji ciwo ba. Malam ya riga ya gaya wa jama'a ko ƙwarzane babu. Yaya kuma lissafinsa ya riga ya fita daidai a allo, ɗalibai sun kwafa a littafi.

Ciwon kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Da safe sai ya mirgina ya dafa bango kafin ya tashi. Sannu a hankali ciwon ya gangaro ƙafar hagu, yatsun suka fara yi masa kamar na aro. In ya hau tsani sai ya leƙa ya ga ko ya taka, don tafin ƙafar ba ya gaya masa. Ya yi ta juya maganar a ransa, har wata yamma bayan an tashi karatu ya raka Malam bakin ƙofa, ya durƙusa da ƙyar.

"Baba, bayan nan nawa yana ɗan damuna."

Malam ya dube shi kamar wanda aka kawo wa ƙarar ɗansa ya yi sata.

"Ɗana, ka san abin da ake kira butulci? An tsamo ka daga bakin kabari, kai kuma kana lissafin ciwon baya. Ni ma bayana yana ciwo, ban faɗo daga ko'ina ba. Shaiɗan ne yake so ya rage maka godiya, kada ka ba shi ƙofa." Ya ɗan rage murya. "Kuma kada ka yi wannan magana a gaban yayanka. Ka dai san shi."

"To, Baba."

Duk da haka ya je wurin Yaya. Ya same shi a ɗakin gwaje-gwaje yana jera kwalabe a kanta.

"Yaya, ƙafar nan ba na jin ta sosai. Jiya silifa ya fita, ban sani ba sai da na kai bakin titi."

Yaya ya goge hannu, ya buɗe jaka, ya zaro hoton ƙashin ya ɗaga shi saitin taga.

"Zo ka nuna min. Ina ciwon a nan?"

"Ni ban iya karanta shi ba, Yaya."

"To ni na iya. Tsoro ne. Jiki in ya firgita, ƙwaƙwalwa sai ta ƙirƙiro masa ciwo, sananne ne wannan. Ko kuwa surukinka ne yake cika maka kai har ka fara jin kai wani abu ne na daban? Ka ci gaba da hawa tsani, shi ne maganinsa."

Auta ya koma kan tsani. Da likita ne ya ce tsoro ne, wataƙila ya yi musu a zuci. Amma Yaya ne, kuma tun yana yaro an tabbatar masa kansa ba abin dogaro ba ne.

Tela ce kaɗai ba ta da wata hujjar da take karewa. Wata rana ya shigo ya zauna yana cire takalmi, ta ga jini a safarsa. Ta kama ƙafar ta duba, sai ga fil ɗin ɗinkinta ya nutse a diddige. Tun safe ya taka shi a ɗaki, ya sa takalmi a kai, ya wuni yana aiki. Ta zare shi tana kallon fuskarsa, ko gezau bai yi ba. A ranar ta tafi gidan ubanta ta gaya masa. Malam ya ce, "Ke ma ya koya miki butulcin?" Ta wuce wurin Yaya, ya yi mata murmushin da ake yi wa yara ya ce, "Ƙanwata, ke da allura, mu da wannan." Ta dawo gida, washegari ta tare ɗan tasi ta tusa mijinta gaba sai wani asibitin.

Likitar da suka samu mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ta tsikari tafin ƙafarsa, ta danna masa baya gaɓa gaɓa. Da ta zo wani wuri Auta ya kama ƙarfen gado, zufa ta keto masa. Ta ce hoton farko ba komai yake nunawa ba, sai an sa shi a babbar na'ura, ta ba su ranar Asabar.

"Kafin nan," ta ce, tana kallon Tela ba shi ba, "kada ya hau tsani, kada ya ɗauki nauyi. Ko kwata kada ya tsallake."

Asabar ɗin ce kuma ranar muhawara. Shugaban makaranta, da ya gaji da hayaniyar ɗakin malamai, ya ce tunda sun samu abin nuni, su fito gaban iyaye da ɗalibai a yi ta ta ƙare. An buga sanarwa, an yi hayar kujeru, kowane ɓangare ya gayyato mutanensa.

Auta ya je neman uzuri. Tela ta ce ya faɗa musu maganar likita yadda take, amma magana a bakin Auta kamar sabulu ce a ruwa, kafin ta isa ta ragu.

"Yaya, akwai wata likita da ta ce a ɗan sake dubawa ranar Asabar."

"A sake, ai ilimi ke nan. Litinin ni da kaina zan kai ka. Amma Asabar in ba a gan ka ba, cewa za a yi na ɓoye ka don lissafina ya karye."

"Ta ce kada in hau abu."

"Tsani take nufi. Wa zai kawo tsani ɗakin taro?"

Malam kuwa ko ƙarasa ji bai yi ba. "Yayanka ne ya turo ka ko? Ya ga zai sha ƙasa, yana so a ce ga ka can kwance a asibiti. Ka zo ka tsaya kawai, ɗana. Tsayuwa ba ta kashe mutum."

A gida Tela ta tsayar da keke ta juyo.

"Sau ɗaya a rayuwarka ka ce musu a'a."

"Yayana ne fa. Ubanki ne."

"Na san ko su waye. In wani abu ya same ka, ni ce zan ɗauke ka, ba su ba."

Suka yi ta kai ruwa rana har suka tsaya a kan cewa zai je ya nuna fuska ya fito, ita kuma ta wuce asibiti da yarinya ta kama masa layi. Ta yarda don ta ɗauka nuna fuska nuna fuska ne.

Ɗakin taro ya cika har tagogi. Aka zaunar da Auta a tsakiyar dandamali a kan kujerar roba, Malam a damansa, Yaya a hagunsa. Malam ya fara, kuma ya yi magana mai kyau. Ya ce kimiyya kamar mai gadin gida ce, ta san kowace ƙofa da kowane makulli, amma ba ta san me ake tattaunawa a cikin ɗaki ba. Ya ce ilimin da zai gaya wa uwa yadda zazzaɓi ya kashe ɗanta, ya kasa gaya mata yadda za ta kwana, rabin ilimi ne. Mata a baya suna share ido. Sannan ya ce wa Auta ya tashi, ya juya, ya taka zuwa bakin dandamali. Auta ya taka yana jan ƙafar hagu a hankali, yana murmushi don kada a kalli ƙasa. Ba wanda ya kalla.

Yaya ya miƙe, shi ma bai yi abin kunya ba. Ya ce duk maganar da ba ta da hanyar a gane ƙarya ce, ba ta da hanyar a gane gaskiya ce. Ya ce in mutum ya rayu a ce iko, in ya mutu a ce iko, to amsar da ta dace da kowace tambaya ba ta amsa ko ɗaya ba. Ya sa aka shigo da wani faffaɗan akwatin katako cike da yashi aka ajiye a gaban tebur. Ya saki ƙwai a kan siminti ya fashe, ya saki wani a kan yashin ya zauna lafiya. Ɗalibai suka yi shewa. Da nan ya tsaya da an tashi lafiya, amma shewar ta hau masa kai.

"Za a ce ƙwai ba mutum ba ne," in ji shi. "Auta, hau teburin nan ka dira musu."

Auta ya dubi teburin. Bai wuce ƙugunsa ba. Ya juya wurin Malam, don a ransa ya tabbata surukinsa zai hana, ko don kada abokin gardamarsa ya samu abin nuni. Malam ya shafa gemu ya yi dariya.

"Ya dira mana. Wanda aka tare daga hawa na uku, tebur ne zai ba shi tsoro? Hau, ɗana."

"Yaya," in ji Auta ƙasa-ƙasa, "likitar nan ta ce..."

"Lanƙwasa gwiwa kawai in ka sauka," in ji Yaya, yana gyara abin magana. "Yi sauri, mutane suna jira."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Wasu suna kiran mai fenti, wasu suna buga kujeru. Ya dafa teburin, ya ɗaga ƙafar hagu da hannu ya ɗora, ya miƙe a sama. Daga can ya ga ƙofar fita a buɗe, ya tuna Tela tana zaune a benci da yarinya a cinya. Ya san abin da zai faru, wannan shi ne abin takaicin, ya sani sarai. Amma ga Yaya yana kallonsa, ga Baba yana kallonsa, duka biyun fuska a sake. Ya dira.

Bai yi ƙara ba. Ya sauka, ƙafafun suka naɗe, ya zauna daɓas a cikin yashin. Ɗalibai suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa yake. Mutanen Malam suka yi kabbara, ɗaliban Yaya suka yi tafi, kowa yana ganin nasa ne ya ci.

"Tashi mana," in ji Yaya.

Auta ya dafa gefen akwatin ya gwada. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu kowa. Sai waɗanda suke sahun gaba suka ga yashin da ke ƙarƙashinsa yana yin duhu, jiƙar tana faɗaɗa. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Shi bai ma san ya yi ba sai da ya bi idanunsu.

A kan gadon da ake tura marasa lafiya Tela ta ga an shigo da shi, daidai lokacin da layinta ya kusa. Likitar ta ce ƙashin bayan ya tsage tun faɗuwar farko, tsani da bokiti suka yi ta buɗe tsagar, dirar ta ƙarasa. An yi aiki, an yi jinya mai tsawo, ƙafafun ba su dawo ba. Aka sallame shi da keken guragu. Tela ta dawo da keken ɗinkinta kusa da gadonsa. Ita take juya shi, ita take wanke shi, ita take ɗaga shi ta zaunar, tsakanin wannan da wancan ta taka keke. Buroshinsa wani abokin sana'a ya zo ya kwashe.

Yaya da Malam sun yi ta zuwa asibiti, amma daban-daban, kuma kowa a bakin ƙofa yake tsayawa ya tambayi jiki ya juya. An ce ɗakin malamai ya yi tsit, har masu shayi sun dawo daga baranda. Sai wata la'asar, bayan an dawo gida da daɗewa, suka yi sallama tare. Tela ta ba su kujeru ta koma kan ɗinkinta. Duk su biyun sun rame. Rigar Yaya ta yi masa yawa, Malam kuma yana ta jan carbi.

Aka gaisa. Malam ya ce jarrabawa ce, kuma Allah ba ya jarrabar bawa sai wanda yake so. Yaya ya ce hoton farkon ne ba shi da kyau, da an yi amfani da na'urar da ta dace da an gani tun ranar. Malam ya buɗe baki zai amsa, Tela ta tsayar da keke. Ya rufe bakinsa.

Can Yaya ya gyara murya, idonsa a kan tayar keken guragun.

"Amma kai ma, Auta. Mutum yana jin irin wannan abu a jikinsa, ya yi shiru?"

"Abin da nake gaya masa ke nan a hanya," in ji Malam da sauri. "Da ka fito ka faɗa mana sosai, ɗana, wa zai bari? Ni ce min ka yi yana ɗan damunka. Ɗan damu."

"Ni ma ce min ya yi ba ya jin ta sosai. Ai ba haka ake bayani ba. Da cewa ka yi, Yaya, ba zan iya ba, shi ke nan."

"Shi ke nan," in ji Malam.

Tun da Auta ya san su, yau ne ya fara jin ɗaya ya maimaita maganar ɗaya. Tela ta miƙe tsaye, almakashi a hannu. Auta ya ɗaga mata ido ta tsaya. Ya dubi tsofaffin nan biyu, ya ga ba duba shi suka zo yi ba, wani abu suka zo karɓa, kuma ba za su iya barci ba sai sun karɓa. Ya so ya tuna musu bakin ƙofa, ya tuna musu taga da hoto, ya tuna musu tebur. Kalmomin suna nan a jere, bai manta ko ɗaya ba.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Laifina ne. Yaya, Baba, ku gafarce ni."

Malam ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka.

"Ba komai, ɗana. Ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Ya wuce," in ji Yaya, yana share ido da bayan hannu. "Sai dai a kiyaye gaba."

Tela ta ajiye almakashin a kan keke ta fita tsakar gida. Su kuwa suka gyara zama, Yaya ya tambaya ko akwai shayi.